GIDAN DA AKA SALLAMI ALKAMA: Yadda Iyali Ke Zama Da Cutar Siliyak

 

Idan uwargida ta zauna ta ƙirga abin da ke shiga cikin 'ya'yanta daga wayewar gari zuwa kwanciyar barci, za ta tarar alkama ce a kan gaba. Da safe shayi da burodi, a tafi makaranta da biskit ko cincin a jaka, da rana taliya ko makaroni, da la'asar a sayi fanke ko gurasa a ƙofar gida, da dare kuma tuwon semo, wanda ya ƙi tuwo a dafa masa Indomie. A zamanin kakanninmu ba haka abin yake ba. Alkama ta daɗe a ƙasar Hausa, ana noma ta da rani a fadamu, to amma a da abincin alfarma ce, sai ranar sallah ko biki ko saukar babban baƙo ake ganin alkaki da funkasau da alkubus. Yau ta zama ta kullum, a gidan mai shi da gidan talaka.

Ga mafi yawan mutane babu wata illa a cikin wannan, domin alkama halal ce, ni'ima ce daga cikin ni'imomin Allah. Sai dai akwai waɗanda Allah ya jarraba da wata lalura da ke sa alkama ta riƙa cin hanjinsu a hankali, ba tare da su ko iyayensu sun san daga ina matsalar take ba. Likitoci na kiran wannan lalura cutar siliyak. Maganinta kuwa ba a kanti yake ba, yana hannun uwargida, a cikin madafinta.

MECE CE SILIYAK?

A cikin ƙwayar alkama akwai wani sinadari da ake kira gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya riƙa miƙewa, shi ne kuma ke riƙe iska idan an sa yis har burodi ya tashi. In kina son ki gan shi da idonki, ki kwaɓa fulawa da tauri, ki riƙa murza ta a cikin ruwa har farin sitacin ya fita duka. Abin da zai rage a hannunki mai kama da cingam, shi ne gulutin. Ban da alkama, ana samun sa a sha'ir da wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake kira rayi.

Shi kuma ƙaramin hanjin ɗan Adam, cikinsa cike yake da wasu ƙananan tsirai masu kama da gashin tawul, waɗanda su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. Idan mai siliyak ya ci gulutin, sai garkuwar jikinsa, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ta juya ta afka wa bangon hanjinsa. A kwana a tashi sai waɗannan tsirai su kwanta, hanji ya koma kamar tsohon tawul da ya ƙoƙe. Daga nan ko me mutum ya ci, amfanin abincin wucewa yake yi. Shi ya sa za ki ga yaro yana ci amma ba ya kumari.

Bincike ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na ɗauke da wannan lalura, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Ba a ɗaukar ta daga wani, ko da kuwa a kwano ɗaya ake ci. Amma tana bin jini: idan aka same ta ga mutum guda, to iyayensa da 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya da shi, kusan 1 cikin 10 daga cikinsu na iya kasancewa da ita. Takan kuma fi yawa ga yaran da ke da ciwon suga irin na ƙuruciya, wanda ake yi wa allurar insulin. Wannan abin lura ne, ganin yadda a wajenmu da zarar an ce mutum na da suga sai a ɗora shi a kan tuwon alkama.

ALAMOMINTA

Ga ƙananan yara, alamomin kan fara ne 'yan watanni bayan an soma ba su abinci mai alkama: gudawa mai daɗewa, kashi mai maiƙo da wari sosai, kumburin ciki, ramewar cinyoyi da ɗuwawu, rashin son abinci, yawan kuka da ƙiwa. Ga waɗanda suka ɗan tasa kuwa, mai yiwuwa babu gudawar ma sam, sai dai rashin tsawo, ciwon ciki, taurin bayan gida, gyambon baki da ke tafiya yana dawowa, lalacewar farin haƙori, da jinkirin balaga. Ga manya, musamman mu mata, takan zo da ƙarancin jini wanda ake ta shan magani ba ya ji, da kasala, da ciwon ƙashi, da wasu ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa, wani lokacin har da yawan ɓari ko jinkirin samun ciki.

A nan sai a yi hattara. Mafi yawan gudawa da ramar yaranmu daga gurɓataccen ruwa ne, da tsutsar ciki, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ba kowace gudawa ce siliyak ba. Amma idan an yi maganin waɗannan duka, an maimaita, yaro na samun abinci isasshe kuma har yanzu yana nan jiya i yau, to lokaci ya yi da za a daina cewa haƙori ne ko shawara ce, a tambayi likitan yara ko akwai buƙatar a duba wannan.

YADDA AKA GANO SIRRIN

Cutar tsohuwa ce. A shekarar 1888 wani likita a Landan mai suna Samuel Gee ya yi cikakken bayanin alamominta, ya kuma fahimci cewa ta hanyar abinci za a magance ta, sai dai bai gano wane abinci ne ke jawo ta ba. Wanda Allah ya ba sa'ar ganowa shi ne Willem Dicke, wani likitan yara a ƙasar Holan, wanda ya daɗe yana zargin alkama. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, aka yi mummunar yunwa a ƙasar, burodi ya yi wuyar samu. Abin mamaki, a daidai lokacin da jama'a ke ramewa, sai yaran da ke fama da wannan cuta suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 Dicke ya gabatar da sakamakon bincikensa, kuma tun daga nan barin alkama ya zama maganin cutar. Har zuwa yau babu ƙwaya ko allura da ta maye gurbinsa.

An daɗe ana ɗauka ciwon Turawa ne, sai wani bincike da aka buga a 1999 ya rushe wannan zato. Wasu likitocin Italiya, ƙarƙashin jagorancin Carlo Catassi, sun gwada jinin yara 989 na al'ummar Saharawi, 'yan'uwanmu Musulmi na Yammacin Sahara, waɗanda da yawansu ke zaune a sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a ƙasar Aljeriya tun tsakiyar shekarun 1970. Sai aka tarar kashi 5.6 cikin 100 na yaran suna da alamar cutar a jininsu, wato kusan yaro 1 cikin 18, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Mutane ne da asalin abincinsu nonon raƙumi ne da nama da ɗan hatsi kaɗan, sai rayuwa ta juya, garin alkama na agaji ya zama abincinsu na safe da dare. Darasin da ke ciki a fili yake: duk inda alkama ta yawaita a akushi, masu wannan lalura za su bayyana, ko Turawa ne ko 'yan Afirka.

KADA A DAINA KAFIN A GWADA

Ana fara binciken ne da gwajin jini, wanda ke neman wasu sinadarai da garkuwar jiki ke fitarwa idan tana yaƙi da gulutin. Idan ya nuna alama, sai a zura wata siririyar na'ura mai kyamara ta baki zuwa farkon ƙaramin hanji, a ɗan tsinko ƙanƙanin nama a duba. Tun daga 2012 likitocin yara a Turai suka amince cewa idan sakamakon jinin yaro ya yi sama ƙwarai, ya ninka iyaka sau 10, aka kuma tabbatar da gwaji na biyu, ana iya yanke hukunci ba tare da an zura na'urar ba. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin wannan aiki ba, saboda haka manyan asibitoci ake nufa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a cire wa yaro alkama tun kafin a je asibiti. Idan aka yi haka hanji zai fara warkewa, jini ya koma daidai, gwaji ya nuna babu komai alhali akwai. Sai an gama bincike likita ya tabbatar, sannan a daina. Hukunci ne na tsawon rai, bai kamata a ɗora wa yaro shi a kan zato ko a kan abin da aka gani a waya ba.

WANI GIDA DA NA SANI

Akwai wata baiwar Allah a ajin matan aure da nake koyarwa, wadda ta ba ni izinin in ba da labarin gidanta ba tare da na ambaci suna ba. 'Yarta ta biyu tun daga yaye ba ta ƙara cikakkiyar lafiya ba. An yi maganin tsutsa, an yi na taifot, an sha na ƙarin jini kwalba bayan kwalba, an yi jiƙe-jiƙe. Tana da shekara bakwai ƙanwarta mai biyar ta kamo ta a tsawo. Daga ƙarshe wani likitan yara ya sa aka yi gwajin, aka tabbatar siliyak ce.

Uwar ta ce a ranar abu biyu ta ji a lokaci guda: sanyi a zuciya domin ciwon ya samu suna, da kuma tashin hankali da ta dawo gida ta buɗe sito. Rabin abin da ke ciki yarinyar ba za ta ƙara ci ba: buhun semo, katan ɗin taliya, fulawa, kuskus, biskit ɗin makaranta.

Da farko tukunya biyu ta riƙa ɗorawa, ta gida daban ta yarinya daban. Ba a yi wata guda ba ta gane hanyar ba za ta ɓulle ba. Ga gajiya, ga kuɗin gawayi, ga yarinya kullum cikin kuka tana kallon 'yan'uwanta suna shan taliya ita an ajiye mata kwano a gefe kamar wadda ta yi laifi. Har aka fara kama ta tana tsintar ragowar burodi a ɓoye. Sai suka zauna da maigidan suka yanke shawara cewa abincin rana da na dare na gidan gaba ɗaya zai koma wanda kowa zai iya ci. Shi maigidan, wanda ba ya iya karyawa sai da burodi, aka ware masa faranti da wuƙa da wurin ajiya a ɗakinsa, ya kuma ɗauki alkawarin wanke hannu kafin ya taɓa abincin yara. Sauran yaran in suna marmarin taliya, a gidan kawunsu suke ci. Ta ce daga ranar da aka koma tukunya ɗaya aka daina kuka a gidan.

An kuma gwada jinin iyayen da sauran yaran kamar yadda likita ya nema. Ba a samu kowa da ita ba, amma an gaya musu cewa tana iya bayyana daga baya, don haka in an ga alama a dawo.

ABINCINMU NA GADO YA WADATAR

Wani abin godiya ga Allah shi ne, matar Bahaushe ta fi matar Bature ko ta Balarabe sauƙin wannan jarrabawa, domin su burodi ne ginshiƙin abincinsu, mu kuwa ginshiƙin namu babu gulutin a cikinsa. Gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, ibiro da tamba duk lafiya lau ne. Haka doya, rogo, dankali, gwaza, wake, gurjiya, gyaɗa, waken suya, riɗi da aya. Haka nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, ganyaye da 'ya'yan itatuwa.

Ke nan tuwon shinkafa da na masara da na dawa suna nan, da kowace irin miya tamu. Waina da sinasir, dambun shinkafa da na masara, faten acca, fura da nono, koko da ƙosai, alala, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, kunun zaƙi, sakwara, shinkafa da wake, duk suna nan. Ɗanwake ma yana nan, matuƙar an koma yin sa yadda iyayenmu ke yi, da garin wake da na rogo da kuka da kanwa, ba na fulawa da aka saba yanzu ba. A kayan ƙwalama akwai nakiya, dakuwa, kantun riɗi, alewar madara, ƙuli-ƙuli da dabino. Mai son kek tana iya gwada garin shinkafa mai laushi da ɗan sitacin rogo da ƙwai.

Waɗanda za a yi bankwana da su kuwa su ne burodi, gurasa, fanke, cincin, biskit, kek da donat na kanti, taliya kowace iri, makaroni, kuskus, semo, tuwon alkama da kununta, alkaki, dubulan, funkasau, alkubus, gireba, wainar fulawa, samosa, shawarma da duk wani abu da aka naɗe ko aka turbuɗa a fulawa kafin a soya.

Akwai burodi da taliya marasa gulutin da ake shigowa da su manyan kantuna, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ba dole ba ne. Da yawansu ma sitaci ne da suga da mai, ba su kai furar gero amfani ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a cike giɓin da ciwon ya bari a jiki, musamman na jini da ƙashi, da hanta, nama, ƙwai, kifi, wake, zogale da alayyahu, tare da duk maganin ƙarin jini da likita ya rubuta. Wasu yaran a watannin farko madara kan ɓata musu ciki saboda hanjin bai warke ba, amma yawanci wannan kan wuce.

INDA ALKAMA KE ƁUYA

Alkamar da ake gani da ido ba ita ce mai wahalar kaucewa ba. Bayan wata huɗu da samun sauƙi, sai ciwon cikin yarinyar nan ya dawo, alhali uwar ta tabbata ba ta ba ta komai ba. Likita ya ce ta je ta bi sawun duk abin da ke shiga tukunyarta. Da ta bi, sai sawun ya kai ta injin niƙan unguwa, inda ake zuba masararta a bayan alkamar wasu. Ɗan abin da ya maƙale a injin ya isa. Daga nan ta nemi injin da ba a kai masa alkama, daga baya kuma suka yi adashi suka sayi ƙaramin injin gida.

Kada a yi mamakin wannan. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna cewa miligiram 50 kacal na gulutin a kullum, abin da bai wuce ɗan ɓarɓashin burodi ba, ya isa ya lalata hanjin mai siliyak cikin wata uku. Shi ya sa ƙa'idar abinci ta duniya da aka sabunta a 2008 ta ce ba za a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin ba sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo guda ba. Kuma sau da yawa ɓarnar na faruwa a ciki ba tare da yaro ya ji ciwo ba, don haka rashin kuka ba shaida ba ce.

Ga wuraren da uwargida za ta sa wa ido. Na farko, hatsin kasuwa, domin da kwano ɗaya ake auna alkama da gero. A tsince shi a wanke kafin a niƙa. Na biyu, man suya: man da aka soya fanke ko cincin ba a soya wa yaron dankali ko ƙosai a cikinsa, kuma wannan ya shafi masu suyar bakin hanya. Na uku, rariya, muciya, ludayin katako, ƙwarya, turmi da katakon murji, waɗanda gari ke shiga ƙofofinsu. A ware sababbi a yi musu alama. Tukwanen ƙarfe da faranti da cokula kuwa wanki da sabulu ya ishe su. Na huɗu, kwalbar bota ko zuma da ake sa wuƙar burodi a ciki. Na biyar, wainar saye, domin wasu masu sana'ar kan ƙara fulawa ko semo a ƙullu.

Sai kayan gwangwani da na leda. Wasu dunƙulen ɗanɗano da garin miya da tsiran nama na kanti akwai fulawa a cikinsu, wasu kayan shayi da lemuka kuma da tsiron sha'ir ake yin su, wanda ake kira molt. A karanta jerin kayan haɗin kowane lokaci, domin kamfani kan canza haɗi. Wadda ba ta karanta Turanci ta sa likita ya rubuta mata kalmomin da za ta kiyaye a 'yar takarda ta riƙa tafiya da ita. A kayan waje akan ga hoton zangarniyar alkama da aka soke da layi, wanda ke nufin an tantance babu gulutin. Ko magani za a saya a gaya wa mai ba da maganin. A gidan ɗalibar tawa dai daddawa da busasshen kifi da kayan ƙamshi ne suka koma gindin miya.

DANGI, MAƘWABTA DA MAKARANTA

Uwar ta ce gyaran madafi mako biyu ya ɗauke ta, amma gyaran fahimtar mutane ya fi shekara. Surukarta, Hajiya, ta ɗauki abin a matsayin sabon salo na 'yan boko. A ganinta an yi ta cin alkama tun kaka da kakanni ba a ga ta kashe kowa ba, kuma ɗan guntun alkaki ba zai yi wa jikarta komai ba. Duk zuwan da yarinya za ta yi gidanta sai ta dawo da ciwon ciki. Matar ba ta yi musu da ita ba. Sai ta roƙi maigidan ya ɗauki mahaifiyarsa su tafi ganin likita tare, ta ji da kunnenta daga bakinsa. Sannan ta cika wani gwangwani da dakuwa da kantu da dabino ta kai ɗakin Hajiya, ta ce wannan na jikarta ne, ita za ta riƙa ba ta da hannunta. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai. Kaka ba ta iya ganin jika ta bar ta hannu wofi, kuma ba cutarwa take nufi ba. Abin da ke hannun nata kawai aka canza mata. Yanzu Hajiya ce ke tsare mutane a wurin biki tana tambayar me aka sa a abinci.

Kwanon maƙwabta kuwa ba a mayar da shi. A karɓa a yi godiya, sauran mutanen gida su ci, a kuma sanar da maƙwabciya cikin lumana tun kafin ta miƙa wa yaro wani abu a tsakar gida. Wadda ke zaune da abokiyar zama, wajibi ne maigida ya tara su ya yi bayanin da bakinsa, domin ranar girkin kowacce lafiyar yaron amana ce a hannunta, kuma kada a bari maganar ta zama abin gori ko zargi. Ranar biki ko suna a ciyar da yaro ya ƙoshi tun daga gida, a kuma riƙe masa nasa a jaka.

Mu malamai ma akwai namu. A Islamiyya ba a raba mu da rabon biskit da fanke na sadaka, ga walimar sauka. Iyaye su sanar da malamin aji da shugaban makaranta, mu kuma mu tanadi dabino ko lemo ko gyaɗa, domin kada a bi layi ana rabo a tsallake yaro guda a gaban 'yan'uwansa. Da azumi kuma, lokacin da suya ke yawa a kowane gida, a ware kasko da mai na daban. Kunu da ƙosai da alala da dankali da ƙwai sun isa buɗa baki mai kyau.

RIƘON AMANA HAR GIRMA

Idan aka kiyaye, sauƙi kan fara bayyana cikin 'yan makonni, hanjin yaro kuma yakan warke cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu, na manya ya fi ɗaukar lokaci. Yarinyar da muke magana yanzu shekararta goma, ta yi jiki, ta wuce ƙanwarta a tsawo, kuma ita da kanta take tambaya kafin ta karɓi abu a hannun kowa. Amma samun sauƙi ba ya nufin cutar ta tafi. Duk ranar da aka koma wa alkama ɓarnar za ta dawo, kuma sakaci na shekaru kan jawo raunin ƙashi, ƙarancin jini, matsalar haihuwa, har da wani nau'in ciwon daji na hanji ga 'yan kaɗan. A riƙa komawa asibiti ana auna tsawo da nauyi da jini kamar yadda likita ya tsara.

A wasu ƙasashe hukuma na tallafawa. A Italiya ana ba masu wannan lalura tallafin sayen abincinsu duk wata, kuma a 2023 ƙasar ta yi dokar gwada yara domin gano siliyak da ciwon suga na ƙuruciya tun da wuri. A wajenmu nauyin yana kan iyali, musamman uwa. Saboda haka a koya wa yaro sunan ciwonsa da abin da zai ce idan an miƙa masa abinci, a koya wa 'ya mace da ɗa namiji girkin da ya dace da su tun suna ƙanana. Idan aure ya zo kada a ɓoye wa wanda zai aura da danginsa, domin ba abin kunya ba ne, kuma macen da ke kiyaye abincinta tana ɗaukar ciki ta haihu ta shayar kamar kowace mace.

Ya ke 'yar'uwa da Allah ya jarrabe ki da wannan a gidanki, ki sani neman magani ba ya cin karo da tawakkali, kuma kowace rariya da kika ware, kowane hatsi da kika tsince saboda lafiyar ɗanki, aiki ne da ba zai ɓace a wurin Allah ba. Ke kuma da aka ce miki kada ki ba ɗan wata biskit, ki taimaka mata da kiyayewa, domin ɗa na kowa ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da muke ci da sha. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.